Gobara ta ci mangazata, kamfanin asurans ya ce na ɓoye musu gaskiya

Alhaji_MaiAya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin asurans. Ina da mangaza nan Maradi inda nake ajiye aya da wake da ɗan riɗi kafin in fitar da su. Bara na yi mata asurans ɗin gobara, na biya kuɗin shekara cif, takardata na hannuna. Sati uku da suka wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, wuta ta tashi daga wayar lantarkin shagon da ke jikin bangona, ta bi ta silin ta shigo. Kafin 'yan kwana-kwana su kashe, buhu sama da ɗari uku sun tafi. Da asuba na tsaya bakin ƙofa, ayar ta zama gawayi amma buhunan suna jere yadda na jera su, in ka taɓa sai su zube.

Mai kimanta ɓarna da kamfanin ya turo ya ga bido shida da suka narke a lungu. Na ƙanena ne, yana ɗan sayar da esansi bakin titi, yana ajiye su nan da dare. Yanzu sun rubuto cewa ban sanar da su akwai mai a mangazar ba, don haka suna duba ko su soke yarjejeniyar gaba ɗaya. Tambayata: wutar ba daga man ta tashi ba, kowa ya shaida daga maƙwabci ta zo. Da wace hujja za su hana ni haƙƙina?

DanGoulbi_82:
Inna lillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Haka suke, ranar karɓar kuɗi da murmushi, ranar biya sai su fito da tabarau suna neman ƙaramin rubutu. Ni shi ya sa ban da ta mota da jandarma ke tambaya, ba ni yin kowace.

Hajiya_Zaria2:
Allah ya kiyaye gaba, ya sa iyakar wahalar ke nan. Babu wanda ya ji rauni dai ko?

Alhaji_MaiAya:
Babu Hajiya, alhamdu lillahi. Mai gadi ya ƙone kaɗan a hannu wajen jawo buhu, yana samun sauƙi.

TsohonAjan:
Alhaji, sannu da wannan jarrabawa. Na yi shekaru ina aikin nan kafin in bari, zan gaya maka abin da doka ta ce ko da ba zai yi daɗin ji ba.

Asurans a Nijar dokar CIMA, wato dokar asurans ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, ke tafiyar da ita, wadda aka sa wa yarjejeniyarta hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Ƙasashe 14 ne ke amfani da ita, mu da Benin da Burkina da Cadi da Senegal da sauransu. Sashe na 12 ya ɗora wa mai asurans nauyi biyu da suka shafe ka. Na farko, ka amsa tambayoyin da kamfani ya yi maka a takardar bayani daidai yadda abin yake. Na biyu, wanda mutane suka fi mantawa: in bayan an sa hannu wani abu ya canza da ya ƙara haɗarin, har amsar da ka bayar da farko ta daina zama gaskiya, to wajibi ne ka sanar da su a rubuce cikin kwana 15 daga ranar da ka sani.

Batun cewa wutar ba daga man ta tashi ba kuwa, sashe na 18 ya riga ya rufe wannan ƙofa. Ya ce in mutum ya ɓoye ko ya yi ƙarya da gangan, har hakan ya sa kamfani ya ga haɗarin bai kai yadda yake ba, yarjejeniya ta rushe ko da abin da aka ɓoye ba shi da hannu a asarar. Kuɗin da ka biya ma ba su mayarwa. Dalilin shi ne, su ba wutar ranar suke kallo ba, farashin da suka yanka maka suke kallo. Mangazar hatsi zalla farashinta daban, wadda ake kwana da esansi a ciki daban, wataƙila ma ba za su karɓe ta ba sam.

Amma kar ka karaya. Kalmar da komai ya rataya a kanta ita ce "da gangan".

Dalibar_Shari'a:
Baba TsohonAjan ya faɗi daidai, bari in ƙarasa inda ya tsaya. Akwai sashe na 19, shi ne na wanda ya yi kuskure ko sakaci ba tare da mugun nufi ba. Shi ba a rushe masa yarjejeniya. In kamfani ya gano kafin asara, ko dai ya ƙara maka kuɗi ka yarda, ko ya yanke yarjejeniyar kwana 10 bayan ya aiko maka wasiƙa, ya mayar maka da kuɗin sauran lokacin. In sai bayan asara aka gano, kamar naka Alhaji, rage diyya ake yi gwargwadon abin da ka biya a kan abin da ya kamata ka biya.

Misali kawai: ka biya jika 60 a shekara, alhali da ka faɗi akwai mai jika 90 za a ce ka biya. Ka biya kashi biyu cikin uku ke nan. In asararka miliyan 12 ce, miliyan 8 za a ba ka. Kuma ba kai ne za ka kawo hujjar cewa zuciyarka ɗaya ba. Doka tana ɗaukar mutum mai gaskiya ne har sai wanda ke zarginsa ya tabbatar da akasin haka. Kamfanin ne zai nuna ka ɓoye da niyya.

Direban_DanIssa:
To ai shi ke nan Alhaji, abin ya zo da sauƙi. Ka ce ba ka san yaron na ajiye man ba. Wa ya gani? Kai ba a mangazar kake kwana ba.

Malam_Tibiri:
Ɗan'uwa direba, ka ji tsoron Allah ka janye wannan shawara. Mutum na cikin baƙin cikin asarar dukiya, kar mu ƙara masa da asarar lahira. In ya sani ya ce bai sani ba, kuɗin da zai karɓa da ƙarya ya karɓe su.

Wannan abin da kuke kira sashe na kaza, mu tun muna zaure muka karanta shi. Hadisin Hakim bin Hizam na cikin Buhari da Muslim: mai saye da mai sayarwa suna da zaɓi matuƙar ba su rabu ba, in sun yi gaskiya sun bayyana a sa albarka a cinikinsu, in sun ɓoye sun yi ƙarya a shafe albarkar. Ku lura, abu biyu aka ambata, gaskiya da bayyanawa. Ana iya ƙin yin ƙarya amma a yi shiru a kan aibi, shi ma shirun an hana. Ga kuma wanda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abincinsa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Alhaji ɗan hatsi ne, ya fi ni sanin abin da ake nufi da jiƙaƙƙen wake a gindin buhu.

Direban_DanIssa:
Malam na ji, Allah ya yafe mana. Amma su kamfanonin wace gaskiya suke gaya mana? Ni da bakina na ce wa mai cika takarda motata fasinja nake ɗauka tsakanin Maradi da Ɗan Isa. Ya ce in ya rubuta haka kuɗin zai yi yawa, bari ya rubuta ta hawa ce ta gida, ai takarda dai jandarma ke nema. Na yi shekara uku a haka. Wa ya yi ƙarya, ni ko shi?

TsohonAjan:
Ku biyu. Shi ya kawo shawarar, kai ka ji ka yarda ka sa hannu don ka ga rangwame. Kuma ka sani, ranar da ka yi hatsari da fasinja a ciki, a nan za ka gane tsadar rangwamen. In aka bi ta hanyar rage diyya, doka ba ta bari a rage wa waɗanda suka ji rauni, kamfani zai biya su cikakke, sannan ya juyo kanka ya nemi abin da ya biya a madadinka. Je ka gyara takardar nan tun kafin wani abu ya faru. Kafin asara, in ba su ɗauke shi ƙarya da gangan ba, ƙarin kuɗi ne ko su yanke yarjejeniyar.

Alhaji_MaiAya:
Malam, na gode. Ba zan ce ban sani ba, domin na sani. Bari in faɗi yadda aka yi dalla-dalla. Ranar da aka cika takardar babu ko ɗigon mai a mangazar, wannan zan iya dafa Alƙur'ani a kai. Yaron kamfanin ne ya zo ya zauna kan buhu, ya buɗe takarda shafi huɗu da Faransanci, yana tambayata da Hausa: ginin siminti ne ko na laka, rufin kwano ne, akwai mai gadi, kayan nawa za su kai. Yana yi yana sa alama. Ya nuna mini inda zan sa hannu na sa. Ni allo na yi, ban yi lakkol ba. Bai taɓa ce mini in wani abu ya canza in zo in faɗa ba. Bayan watanni ƙanena ya roƙe ni wurin ajiya saboda an hana shi a gidan haya, na ce ya sa a lungu nesa da buhuna. Wallahi asurans ko a raina ba ta zo ba.

Dalibar_Shari'a:
Alhaji wannan bayanin da ka yi shi ne jarinka, kar ka ƙara kar ka rage. Abin da ka kwatanta sakaci ne, ba yaudara ba. Wanda ya yi niyyar cutar kamfani ba ya barin bido a inda mai kimantawa zai yi tuntuɓe da su.

Sannan nauyin bayyanawa ba a kanka kai kaɗai yake ba. Sashe na 6 ya wajabta wa kamfani ya ba ka takardar bayani a kan farashi da abin da aka lamunce da abin da aka cire, tun kafin a ƙulla. Sashe na 8 ya ce duk sharaɗin da zai rushe yarjejeniya ko ya zubar maka da haƙƙi ba ya aiki sai an rubuta shi da haruffa fitattu, ba a binne shi cikin ƙananan layuka ba. Sashe na 7 kuma ya ce in tambayarsu ta zo a dunƙule, ba za su kama ka da cewa amsarka ba ta fito fili ba. Don haka ka nemi kwafin takardar da aka cika ranar. A duba, an yi tambaya a kan mai ko abin da ke kama wuta? Me aka rubuta a gurbin?

Bakatsine_Jibiya:
Gaisuwa daga ƙetaren iyaka. Mu nan inshora muke cewa. Abin da 'yar'uwa ta faɗa ya tuna mini, a tsohuwar dokar inshorarmu ta 2003 an rubuta cewa kamfani ya tsara fom ɗinsa yadda zai tambayi duk abin da yake ganin muhimmi ne, abin da bai tambaya ba kuwa ana ɗauka ba muhimmi ba ne. An yi haka ne saboda tsohuwar ƙa'idar da muka gada daga Ingila ta yi wa talaka nauyi: wai kai ne za ka zauna ka yi tunanin duk abin da kamfani zai so ya sani ka faɗa, ko an tambaye ka ko ba a tambaye ka ba.

Asalinta wata shari'a ce ta 1766 da alƙali Lord Mansfield ya yanke, a kan wani sansanin Turawan Ingila a tsibirin Sumatra da aka yi wa inshora, Faransawa suka zo suka ci shi. Wanda ya ba da inshorar ya ƙi biya, ya ce ba a gaya masa sansanin ba shi da ƙarfi ba. Abin da mutane ba su cika faɗa ba shi ne, a wannan shari'ar wanda ya ba da inshorar ne ya faɗi. Alƙalin ya ce ba ka karɓi kuɗin mutum kana sane da halin da ake ciki, ba ka tambayi komai ba, sannan ranar biya ka ce an ɓoye maka. Su kansu Ingilan sun sassauta a 2012, yanzu wanda zai yi wa gidansa ko motarsa inshora abin da ke kansa shi ne ya kula kar ya ba da amsar da ba daidai ba.

DanGoulbi_82:
Ka ji ko. Tun 1766 suke neman hanyar ƙin biya.

Maman_Nafisa:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce daga gobara, amma ciwon ɗaya ne. Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne. Ya ci bashin banki don mu ƙarasa gini, aka haɗa masa da asurans ɗin rai, wadda in mutum ya rasu ita ke biyan sauran bashin. Akwai takardar tambayoyin lafiya. Yana da ciwon suga shekara huɗu, yana shan magani, ni ke ajiye masa a kwanon sama da firji. A takardar an sa "a'a" a gaban komai. Bayan rasuwarsa kamfanin ya samo takardun likita, suka ce ba su biya. Ina cikin takaba aka kawo mini wasiƙar.

Har yau ban san ko shi ya ce a'a ba, ko ma'aikacin ne ya bi layi ya cika don a gama da wuri. Mutumin da zan tambaya yana ƙasa. Sai da 'yan'uwansa suka sayar da filinsa na gado aka rufe bashin. Don Allah maza, in kuna cika irin wannan takarda ku tuna ba ku ne za ku tsaya gaban kamfanin ba, mu ne da marayu.

Hajiya_Zaria2:
Allah ya jiƙansa da rahama, ya raya abin da ya bari. Kin sa ni hawaye wallahi. Gobe zan sa Alhajina ya fito da tasa takardar mu duba, shi ma hawan jini gare shi.

Malam_Tibiri:
Allah ya gafarta masa. Maman Nafisa, ki kyautata masa zato, shi ne abin da ya cancanta daga gare ki.

Abba_Mokoyo:
Tambaya a kan wannan. Da yawanmu takardar haihuwarmu ta kotu ce, an rubuta "an haife shi wajen shekara kaza". Ni an rage mini kusan shekara uku lokacin sa ni lakkol. In na ba da shekarun da ke kan takarda, na yi ƙarya ke nan?

TsohonAjan:
Abba, shekaru suna da nasu hukunci daban a asurans ɗin rai, sashe na 80. Kuskuren shekaru ba ya rushe yarjejeniya sai in shekarunka na gaskiya sun fita daga iyakar da kamfanin ke karɓa. In ba haka ba, lissafi ake gyarawa: ka biya ƙasa da abin da ya kamata, a rage abin da za a ba magada gwargwado, ka biya fiye, a mayar da rarar. Amma tunda ka sani, faɗa musu a rubuta.

Maman Nafisa, labarinki ya taɓa ni domin na ga irinsa daga ɗaya gefen teburin. Ana biyan wakili ne da kamasho a kan kowace takarda da ya kawo. In ya tsaya ya fassara tambaya ashirin ɗaya bayan ɗaya, ya ji "e, ina da suga", takardar za ta tafi wurin likita, a ƙara kuɗi, wataƙila mutumin ya fasa. To sai a bi layi da "a'a". Ba duka ke yi ba, amma ana yi, kuma a garin da yawancin manyan 'yan kasuwa ba su karanta Faransanci, wannan ba ƙaramin rami ba ne. Doka ta ce kamfani na ɗaukar alhakin laifin wakilin da ya tura. Wahalar ita ce hujja, domin hannun da ke ƙasan takardar naka ne.

Sani_Kadro:
Ni tambayata ga Malam. Asurans ɗin nan gaba ɗaya ma ta halatta? Mahaifina har ya rasu bai yarda da ita ba, yana cewa caca ce.

Malam_Tibiri:
Malam Sani, magana ce mai tsawo. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa asurans ta kasuwanci akwai garari, wato rashin tabbas, mai yawa a cikinta, ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. Sudan ce ta fara kafa irin wannan kamfani a 1979. Wadda hukuma ta tilasta, kamar ta mota, malamai sun yi rangwame saboda larura. Amma ko wane ra'ayi mutum ya bi, babu malamin da ya ce in ka shiga yarjejeniya ya halatta ka yi ƙarya a ciki. A takaful ma abin ya fi muni, domin asusun na 'yan'uwanka ne da suka zuba, su ka cuta.

Dalibar_Shari'a:
CIMA ma ta fitar da ƙa'idar takaful a 2019, kuma a can ɗin ma sai ka cika takardar bayani.

Mu koma kan Alhaji. Abin da zan ce ka yi: kar ka sa hannu a kan kowace takarda da za su kawo yanzu sai wanda ka amince da shi ya karanta maka. Ka amsa wasiƙarsu a rubuce, ka ajiye kwafi da shaidar sun karɓa. Ka nemi rahoton 'yan kwana-kwana da ya nuna inda wutar ta tashi. Ko da bai hana ragi ba, yana nuna ba kai ka jawo ta ba, kuma zai yi amfani in za a bi maƙwabcin. In sun ce ragi za su yi, ka ce su nuna maka farashin da suka yi lissafi da shi, kar ka karɓi adadi daga baki. In kun kasa daidaitawa akwai ofishin da ke sa ido kan kamfanonin asurans a ma'aikatar kuɗi a Yamai, akwai kotu. Kuma kar ka yi nawa, irin wannan ƙara wa'adinta shekara 2 ne.

DanGoulbi_82:
Duk na ji, amma ni har yanzu ban ga adalci a ce wuta ta zo daga maƙwabci a rage wa mutum kuɗi saboda bido shida ba. Ko babu man, ayar nan ƙonewa za ta yi.

Sani_Kadro:
Ɗan Gulbi, in kai ne ka ba mutum hayar ɗaki a kan zai ajiye gero, ka zo ka tarar da esansi, za ka ce ba komai tunda bai kama ba? Ni maƙwabcin irin wannan mangaza ne a kasuwa, kuma ina da haƙƙin in san abin da ke kwana jikin bangona.

DanGoulbi_82:
Zan yi faɗa, amma ba zan riƙe masa geronsa ba.

Alhaji_MaiAya:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yau da safe na je da ɗan yayata da ya yi lakkol, muka karɓo kwafin takardar. Tambayar tana nan a shafi na uku, ko ana ajiye mai ko gas ko makamancinsu, an sa a'a, kuma ranar gaskiya ne. Batun sanarwa cikin kwana 15 shi ma yana cikin ɗan littafin da suka haɗo mini da shi, wanda tun ranar yake cikin ledarsa a durowa. Yaron ya karanta mini, rubutun ƙanana ne ƙwarai, sai da ya matso bakin taga.

Na gaya wa shugaban reshen komai yadda na gaya muku, har da cewa ni na ba ƙanena izini. Ya rubuta, ya ce zai aika Yamai, amsa ba daga gare shi take ba. Baba TsohonAjan, in sun zo da maganar ragi, wa ke tantance kuɗin da ya kamata in biya tun farko, su kaɗai ko ina da damar kawo nawa mai kimantawa?

TsohonAjan:
Ɓarnar kana da damar kawo naka ya sake kimantawa, duba littafin, yawanci akwai sharaɗin, kuma kai za ka biya shi. Farashin kuwa daga jadawalinsu yake fitowa, shi ya sa 'yata ta ce a nuna maka shi a rubuce. In kun saɓa, alƙali ne ke raba gardama. Turo mini hoton shafi na uku da shafin da aka yi maganar kwana 15, in ga girman haruffan da idona.

Direban_DanIssa:
Baba, ni ma zan turo tawa. In na je gyarawa, shekara ukun da suka wuce za su ce in biya bambancin, ko daga yau za a fara lissafi?